Tambaya da Amsa: Harshen Ƙasa, Ƙuri'a, da Baƙin da Muke Jira

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Cikin wasiƙun da suka shigo wannan karon na ware guda huɗu, domin ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, kai ka ce masu su shawara suka yi kafin su rubuto. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ma'anar kowa ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a jami'a. Tunda Nijar ta mayar da Hausa harshen ƙasa, mu a Najeriya me muke jira? Ai mun fi kowa yawa. Ni da abokaina mun yanke shawara cewa duk ɗan takarar da bai sa wannan cikin alƙawuransa ba, ba zai ga ƙuri'armu ba. Me ka gani?
— Wani ɗalibi daga Funtuwa

Amsa: Ɗana, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa a sakandare kafin in ajiye alli, saboda haka kishin da ke cikin wasiƙarka na san shi, da shi na tsufa. Duk da haka ina roƙonku, kai da abokanka, kada ku ɗora harshe a kan takardar ƙuri'a.

An taɓa yin abin da kuke shirin yi, a Siri Lanka. A zaɓen 1956 ɗan takara Bandaranaike ya yi wa masu rinjaye alƙawarin zai mayar da harshensu, Sinhala, harshen gwamnati shi kaɗai. Ya ci zaɓe da gagarumin rinjaye, ya kuma cika alƙawari a wannan shekarar. 'Yan ƙabilar Tamil suka wayi gari aikin gwamnati yana neman gagarar 'ya'yansu. Aka yi tarzoma a 1956, aka sake yin wadda ta fi ta muni a 1958, daga 1983 kuma ƙasar ta faɗa yaƙin basasa, ba a fita ba sai 2009. Ba harshe kaɗai ya haddasa yaƙin ba, amma da shi aka fara hura wutar. A 1987 an dawo an ba harshen Tamil matsayin da aka hana shi, sai dai a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe ga dubban iyalai.

Mu ma nan gida maganar ba sabuwa ba ce. A 1961 an yi muhawara a majalisar tarayya a Legas kan Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma cikin waɗanda suka tashi suka ƙi har da Anthony Enahoro, mutumin da ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1953. Hujjarsa ita ce shi daga ƙaramar ƙabila ya fito, ba zai yarda manya su ɗora wa ƙanana harshensu ba. Ka ga ke nan wannan kalmar taka, "mun fi kowa yawa", ita ce ainihin abin da ke firgita sauran. Ƙasashen da suka dace a wannan sha'ani ba ta hanyar yawa suka bi ba. A Indonesiya Jawawa ne suka fi yawa, amma a 1928 matasan ƙasar suka zaɓi harshen Malay, harshen kasuwa da bakin teku. A Tanzaniya akwai harsuna sama da 120, Nyerere kansa daga ƙaramar ƙabilar Zanaki ya fito, kuma Suwahili da ya ɗaukaka ba na wata babbar ƙabila ba ne da za a ce ta danne wasu. Mu kuwa manyan harsuna uku ne, kowanne da miliyoyin masu shi, kowanne da tarihin takara da ɗan'uwansa. Shi ya sa aka yi ta kame-kame: aka haɗa "wa" ta Yarbawa da "zo" tamu da "bia" ta Ibo aka ce Wazobia, wani bawan Allah ya ƙirƙiri harshen Guosa, a bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a Legas a 1977 Wole Soyinka ya kawo shawarar Suwahili, a 1996 Janar Abacha ya yi shelar Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu. Babu ɗaya da ya kama ƙasa.

To me ke rubuce a doka? Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Tun kundin 1979 wannan magana take nan, tanadin kuwa har yau ana jiransa. Sashe na 97 ya ba majalisar dokokin kowace jiha damar yin zamanta da harshen da ake yi a jihar idan ta amince da hakan, kuma majalisar Legas ta daɗe tana zaman ranar Alhamis da Yarbanci. Nan ne ƙuri'arku take da ƙarfi, ɗana. Ɗan majalisar jiha da zai zo unguwarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi: za a fassara kasafin kuɗin jiha a manna shi a sakatariyar ƙaramar hukuma yadda manomi zai karanta? Za a ɗauki ƙwararrun tafintoci a kotunan majistare, ko za a ci gaba da kiran masinja ya fassara wa wanda ake tuhuma makomarsa? Za a buga littattafan lissafi da kimiyya na firamare da harshen da yaro yake mafarki da shi? A 2022 gwamnatin tarayya ta yi shelar za a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har aji shida, a ƙarshen 2025 aka soke, kuma a tsakanin nan littattafai da malaman da za su ɗauki nauyin abin ba su wadata ba. Wannan shi ne aikin, kuma ba ya buƙatar a taɓa haƙƙin kowa.

Bari in ba ka labarin wata rumfar zaɓe. A zaɓen 2011 na yi aikin wucin gadi a wani ƙauye a kudancin jiharmu ta Bauchi. Shugaban rumfar wani yaro ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Wajen azahar wata tsohuwa ta zo, ta ɗaure katinta a bakin zane, ƙulli uku. Ba ta jin Ingilishi, Hausarta ma kaɗan ce, harshen Jarawa take yi. Yaron ya yi mini bayani da Ingilishi, ni na mayar da shi Hausa ga wata budurwa da ke bayanta a layi, budurwar ta mayar mata da harshensu: ga tawada, ga inda za ki dangwala, kada ki bari ya taɓa gida biyu, ki naɗe da kanki, kada ki nuna wa kowa. Tsohuwar ta shiga bayan labule ta daɗe, ta fito tana hura babban yatsanta, ta jefa. Sannan ta kama hannun yaron nan da hannu biyu ta yi masa addu'a doguwa, bai ji ko kalma ɗaya ba, yana ta cewa amin. Harshe uku aka bi kafin ƙuri'a ɗaya ta shiga akwati. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Hausa ce ta tsaya a tsakiya ta haɗa su, kuma babu wanda ya tilasta wa budurwar nan ta koye ta. A kasuwa da makaranta ta tsince ta.

Haka Hausa ta yaɗu tun asali. Fataken goro ne suka kai ta Gwanja, su suka kafa zango a Kumasi da Accra, alhazan ƙafa suka kai ta Sudan, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɗauke ta daga 1939, sashen Hausa na BBC daga 1957. Ka kuma tuna kundin tsarin mulki ya ce ba mai zama shugaban ƙasa sai ya sami kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Duk ɗan takarar da ya yi muku alƙawarin da kuke nema, ko dai ya san ba zai ci ba, ko ya san ba zai cika ba.

Tambaya: Baba, ni ba Bahaushiya ba ce, 'yar Tangale ce, amma da Hausa nake karanta mujallarku, da ita muke waƙa a coci. Damuwata ita ce 'ya'yana uku babu mai iya gaida kakarsu da harshenmu. Idan na ji ana maganar harshen ƙasa sai gabana ya faɗi. Laifi ne in ji haka?
— Wata ma'aikaciyar jinya daga Gombe

Amsa: 'Yata, ba laifi ba ne, kuma na sa wasiƙarki nan ne da gangan don ɗalibin Funtuwa ya karanta. Mu Hausawa mun saba kukan Ingilishi yana cinye mana harshe, ba mu cika lura da cewa namu ma yana cinye na maƙwabta ba. A jihar Bauchi akwai harsunan da suka mutu ɗungurungum, irin su na Ajawa da Kubi da Gamo na ƙasar Ningi, jikokin masu su Hausa suke yi yau. Duk harshen da ya mutu, ya tafi da sunayen itatuwa da magunguna da waƙoƙin daka da babu mai dawo da su.

Maganinki yana cikin gida. Ku sa doka tsakaninki da maigidanki: daga an shigo ƙofa, sai Tangale. Yaran za su yi ta amsa miki da Hausa, kada ki yi fushi, kada kuma ki sauya. Hutun ƙarshen shekara ki kai su wurin kakarsu su kwana biyu ba tare da ke ba. Ki ɗauki muryarta a waya tana tatsuniya, tana kiran sunayen dangi, tun tana da rai. Yaro yana ɗaukar harshe uku ba tare da ya ji nauyi ba. Hausa ba za ta ragu da komai ba don 'ya'yanki sun iya gaida kakarsu.

Tambaya: Malam, ina sayar da abinci, kuma lokacin bikin kamun kifi nakan samu a kwana huɗu abin da ba na samu a wata uku. Duk zaɓe sai 'yan takara sun zo sun ce za su bunƙasa yawon buɗe ido, Turawa za su cika gari. Na ji wannan magana tun ina budurwa. Shin abin nan gaskiya ne, ko mu cire rai?
— Wata mai tuwo daga Argungu

Amsa: Hajiya, kada ki cire rai, amma ki sauya inda kike kallo.

Abin da kuke da shi ba ƙarami ba ne. Bikin nan ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kamar yadda ta sa hawan Sallar Kano a 2024. Na halarta sau biyu. Ban manta da lokacin da aka ba da alama ba: dubban masunta suka kwasa a guje zuwa kogin Matan Fada, kowa da homa a hannu da gora a ƙirji, ƙura ta tashi, ruwa ya koma launin kunu, makaɗa suna cikin kwalekwale suna zuga su. Kafin sa'a guda sai ga mutum huɗu sun ɗauko giwan ruwa ɗaya suna tangaɗi zuwa ma'auni. Wanda ya ga wannan sau ɗaya zai ba jikokinsa labari.

Amma ke kin fi ni sanin cewa bayan bikin 2009 an yi shekara goma ba a yi ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Baƙo ba ya shirya tafiya a kan abin da bai tabbata ba. Mai kamfanin kawo baƙi yana sayar da tikiti ne wata shida ko shekara kafin lokaci, yana so ya san rana, ya san hanya lafiya, ya san inda mutanensa za su kwana. Ga kuma wani abu da ban taɓa jin ɗan siyasa ya ambata ba. Lokacin baƙi a ƙasarmu shi ne daga sanyin hunturu zuwa farkon bazara, Disamba zuwa Maris ko Afrilu. Lokacin ne ake kamun kifi, lokacin ne ciyawa ke bushewa a Yankari, giwaye da ɓauna da gwanki su gangaro kogin Gaji a gan su. Kuma lokacin ne muke zaɓe. A 2015 an ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A 2019 cikin dare aka ɗage shi, saura sa'o'i a buɗe rumfuna. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirga, ana rufe iyakoki, ofisoshin jakadanci suna gargaɗin mutanensu. Wato duk shekara huɗu muna asarar kaka guda. Kenya, wadda ta fi mu nisa a wannan sana'a, ta ɗanɗana: rikicin bayan zaɓen Disamba 2007 ya ci rayuka sama da dubu, otal-otal na bakin teku suka zama kango a tsakiyar lokacin cinikinsu. Saboda haka ɗan takarar da yake ba matasa ƙwaya da gora su tarwatsa taron abokin hamayya, shi ne yake kore miki baƙi, ko da ya rantse zai gina otal mai hawa goma.

Matsala ta biyu ita ce kowane sabon gwamna yana so a ce shi ya fara. Sai a bar ɗakunan da na baya ya gina ruwa yana zuba a ciki, a je a aza harsashin wani sabon abu. Yankari kanta ta sha sauyin hannu: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Ruwan Wikki yana nan yadda Allah ya yi shi, garai-garai, ɗuminsa digiri 31 dare da rana. Abin da wuri irin wannan yake buƙata shi ne albashin masu gadin daji a kan lokaci, da man mota, da gyaran famfo, ayyukan da ba a yanka musu kyalle a gaban 'yan jarida.

Sai maganar Turawa. Hajiya, ki ƙirga waɗanda suka ci tuwonki a bikin da ya wuce. Nawa ne Turawa? Na tabbata mafi yawansu daga Sakkwato suke, da Gusau, da Kano, da Dosso da Gaya ta Nijar, da 'yan kudu mazauna Birnin Kebbi. Su ne kasuwarki, kuma su ne ba a yi wa tanadi. Na taɓa kai ɗalibaina arba'in da biyu wani gidan tarihi a wata jiha, ba zan kama suna ba. Muka tarar jami'in da ke bayani bai zo ba, allunan duk da Ingilishi, irin mai wuya, tawadar ma ta koɗe. Yara suka yi ta zagayawa suna hamma. Sai wani dattijo mai gadi, yana zaune a kan buhu yana gyaran tocila, ya ga halin da muke ciki ya taso. Ya tsaya gaban wata rigar sulke ya ce musu, "Ku ɗaga ta ku ji." Yara biyu suka kasa. Ya nuna musu lifidi, ya gaya musu yadda ake cusa masa auduga don kibiya ta maƙale, ya nuna kwalkwali, ya rera musu kirarin barde da muryarsa ta tsufa. Sa'a biyu babu wanda ya nemi fita. Da za mu tafi muka haɗa masa ɗan abin goro, ya ƙi karɓa sai da na rantse. Ilimin gidan nan gaba ɗaya yana cikin kan mutumin da ba a ɗauke shi aikin magana ba.

To idan 'yan takara sun zo, ku haɗu ku mata masu abinci da masunta da masu masauki, ku nemi abu ƙanana da za a iya ƙirgawa: a tsayar da ranar biki a doka yadda ba za ta motsa ba ko wa ke mulki, a gyara hanya, a yi makewayi da ruwa a filin, a horar da 'ya'yanku su zama 'yan jagora masu bayani da Hausa da Zabarmanci da Ingilishi, a ba ku rumfuna ba tare da an bi ta hannun ɗan kwangila ba. Ku sa ya sa hannu a takarda gaban hakimi, ku ajiye kwafi.

Tambaya: Malam, shekara ashirin ina kai baƙi cikin duwatsun Ayar (Abzin) da hamadar Tenere. Saboda su na koyi Faransanci da Italiyanci. Yanzu babu baƙi, motata tana ajiye. An ce Hausa ta zama harshen ƙasa, ina murna, amma me wannan zai ƙara mini?
— Wani tsohon ɗan jagora daga Agadas

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Dokar da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ta kuma lissafa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak da sauransu a matsayin harsunan da ake yi a Nijar. Ba ta hanyar ƙuri'ar jama'a aka bi ba, saboda haka nauyi yana kan Hausawan Nijar su nuna wa sauran cewa ba za a mayar da su baya ba. Kai da kake zaune da Buzaye ka fi ni sanin muhimmancin wannan. Kada kuma ka yar da Faransancinka da Italiyancinka, dukiya ce.

Gaskiyar magana, doka ba za ta dawo maka da jiragen da suke sauka Agadas daga Faransa ba. Rashin tsaro ne ya kore su, kuma harin da aka kai wa masu ziyarar raƙuman dawa a Kure a watan Agusta 2020 ya ƙara tsorata waɗanda suka rage. Amma akwai baƙon da ba ka taɓa nema ba, yana kudu da kai. Mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da yawa sun san Shehu Usmanu ya je Agadas karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, amma ba su taɓa ganin garin ba. Akwai Agalawan Kano da kakanninsu daga wajenku suka gangaro. Akwai 'yan kasuwar da suka gaji cinikin gishirin Bilma da turkuɗi ba su san inda ayarin yake tashi ba. Tsohon garinku yana cikin jerin UNESCO tun 2013, hasumiyar masallacinku ta ƙasa mai tsawon mita 27 ba ta da ta biyu. Waɗannan mutane ba sa buƙatar biza, ba sa buƙatar tafinta, abincinku abincinsu ne.

Ka fara da ƙarami, cikin gari kawai, inda hukuma ta yarda a kai baƙi: masallaci, fadar Sarkin Abzin, maƙeran azurfa, kasuwar raƙuma. Ka tsara kwana uku lokacin bikin Bianu, ka rubuta farashin mota da masauki da abinci a fili, da sefa da naira. Ka yi gajeren bayani da muryarka da Hausa ka tura wa ƙungiyoyin malamai da na 'yan kasuwa a Maraɗi da Damagaram da Katsina. Idan ka shirya, ka aiko mini da tsarin ta adireshin mujalla. Akwai tsofaffin malamai 'yan'uwana su shida da muka daɗe muna maganar wannan tafiya, ni ne na bakwai.